Amsa: Ɗan wasa kuma koci a lokaci guda

Malam, ka tambaya ko an taɓa samun wanda ya haɗa wasa da horar da ƙungiya a ƙwallon kwandon Filifin. An samu, kuma sunan da za a fara ba ka shi ne Robert Jaworski.

An haife shi a birnin Baguio na Filifin a 1946. Ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta 1968 a Meziko, sannan da aka kafa gasar ƙwararru ta PBA a 1975 ya buga wa Toyota, inda ya zama gwarzon ɗan wasa a 1978. Kada sunan ya ruɗe ka, a can kamfanoni ne ke da ƙungiyoyin, ba garuruwa ba.

Bayan Toyota ta watse ya koma ƙungiyar da aka sani da Ginebra, daga 1985 kuma shi ne koci, shi ne ɗan wasa. A shekarar ne aka fasa masa leɓe da gwiwar hannu ana tsakiyar wasa. Aka kai shi asibiti aka ɗinke, ya dawo filin, suka rama cin da ake musu har suka yi nasara. A ganina wannan taurin ran ya fi dabarunsa jawo masa magoya baya. Kofi huɗu ya ɗauka a matsayin koci, har da na 1991 da suka farfaɗo bayan ƙungiyar Shell ta ci su wasa uku suna da ɗaya a jerin wasannin ƙarshe.

Shi ya jagoranci tawagar ƙasar a matsayin koci a wasannin Asiya na 1990 a Beijin, suka zo na biyu bayan Sin. Yana da shekara 52 ya bar fili a 1998, ya zama sanata.