Amsa kan ɗan jirgin nan na Halifax

Salamu alaikum jama'a. Malam, na ji tambayarka, wai ɗan jirgin da aka turo hotonsa shi ma har yaƙi ya yi? Ai na san inda ka dosa, so kake ka ce bai kai a adana shi ba. To tsaya ka ji.

Sunansa Sackville, korbet ne, wato ƙaramin jirgin yaƙi na rakiya, na sojan ruwan Kanada, ya fara aiki ƙarshen 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tsawonsa mita 62 da 'yan kai, zubin jiragen masu farautar manyan kifayen teku aka kwaikwaya, shi ya sa ka gan shi guntu. Aikinsa rakiyar ayarin jiragen kaya a Atlantika zuwa Birtaniya, abinci ne, mai ne, makamai ne, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus kuma suna laɓe a hanya. A Agustan 1942, cikin hazon da ko gabanka ba ka gani, ya ci karo da uku a tafiya guda, biyu ya yi musu jina-jina suka koma gida da ƙyar.

Amma ku kullum Bismarck, Bismarck, ƙaton jirgin yaƙin nan na Jamus! Wallahi abin na ba ni haushi. Fita nawa Bismarck ya yi? Ɗaya tak, Mayun 1941. Eh, ya nutsar da Hood, babban jirgin yaƙin Birtaniya, ban musa ba, amma kafin watan ya ƙare shi ma yana ƙasan teku. Duk girman nan, duk kuɗin nan.

Ina nake? Yauwa, Satumban 1943. Jamusawa suka fito da tofido, wato makamin da ake harbawa ta ƙarƙashin ruwa, mai bin ƙarar inji. Aka nutsar da St. Croix, jirgin yaƙin Kanada da ke rakiyar wani ayari, jirgin Itchen na Birtaniya ya kwashe waɗanda suka tsira, shi ma aka buge shi, mutum uku kacal suka rayu. Sackville na cikin wannan ayarin, a nan tukunyar injinsa ɗaya ta samu matsala. Daga baya ma cire ta aka yi, aka janye shi daga rakiya.

Bayan yaƙi binciken teku ya koma yi har 1982. Irinsa kusan 300 aka ƙera, shi kaɗai ya rage, shi ne wannan da ke ɗaure a tashar jiragen ruwa ta Halifax, a Kanada. Ka ƙara duba hoton da kyau, za ka ga lambarsa, K181, a jikinsa.