Amsa: matsar da allon talla idan za a faɗaɗa hanya a Amurka

Malam, ka tambaya ko za ka iya matsar da allon tallanka baya kaɗan a cikin fili ɗaya da tsohon izininka, tunda za a faɗaɗa hanyar. Galibi a'a. A Amurka izinin allo yana manne ne da wurin da aka kafa shi, kuma galibi da ka ɗaga shi ya zama sabo a idon hukuma. Ƙofa biyu za ka ƙwanƙwasa: ma'aikatar sufuri ta jiha, domin dokar tarayya ta 1965 ta ɗora wa jihohi kula da allunan da ke cikin ƙafa 660 daga manyan hanyoyi, sai kuma birni ko gunduma, masu ware filin kasuwanci da na gidaje.

Amma fara bincika ko allonka cikin tsofaffin nan yake, waɗanda aka ƙyale don sun riga dokar wurin zuwa. Allona haka yake, amma a lokacin ban sani ba. Jiha ta nuna ba ta da matsala, na yi gaggawa na sa aka kwance ƙarafuna aka jibge a gefen fili, birni kuma ya ce sabon wurin na gidaje ne. Ciyawa ta tsiro a kansu ina zarya ofis. Kada ka kwance ko ƙusa ɗaya sai takardun izini biyun, na jiha da na birni, suna hannunka. In sun hana, ka bar allon a tsaye ka nemi diyya, tunda aikin gwamnati ne zai tashe shi.