Abin da ke kai mu bakin teku bayan Asuba

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya.

Ka ga hoton da na tura, muna tsaye a bakin ruwa cikin rigunan sanyi, kowa rataye da madubin hangen nesa, sai ka tambaya: farauta muka fita, ko wani aiki ne ake biyanmu? In kuwa babu ko ɗaya, me zai fitar da magidanci daga ɗaki cikin wannan ɗari don ya je ya kalli tsuntsu? Na bar amsar sai da na samu natsuwa, don ba ta layi biyu ba ce.

Ba farauta ba ce. Tun 1918 Amurka ke da dokar da ta hana kama tsuntsaye masu ƙaura ko kashe su ko ɗaukar ƙwansu ba da izini ba. Ba wanda ke biyanmu kuma. Ba zan ce maka duk Hausawan New York ke yi ba. Yawancin mutanenmu aiki ya sha musu kai, wani tuƙi, wani gadi, wani aikin asibiti. Mu 'yan kaɗan ne a unguwar Bronx da muka saba fita ranar da muke hutu, bayan sallar Asuba, sau da yawa tare da yara.

Abin da ba ka gani a hoto shi ne yadda zaman nan yake. Mutum zai fita daga bene ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya fito ya shige wani benen. Sai ka shekara goma a gari ba ka san ta ina rana ke fitowa ba, ba ka san wata ya tsaya ba sai waya ta gaya maka. Ni haka na zauna shekaru, na san tituna, ban san ƙasar ba. Alhali birnin nan a kan ruwa yake zaune, yawancinsa tsibirai ne, kuma yana kan babbar hanyar da tsuntsaye ke bi ta gaɓar Tekun Atalantika, daga arewacin Kanada zuwa nahiyar Kudancin Amurka su komo. Ta wurinsu na fara gane lokutan shekara a nan, kamar yadda ganin shamuwa ke gaya wa mutum damina ta kusa.

Wurin da ya fi kusa da mu shi ne Pelham Bay, a ƙarshen layin jirgi mai lamba 6. Shi ne filin shaƙatawa mafi girma a birnin, kuma da hunturu agwagin ruwa iri-iri kan cika bakin gaɓarsa. Akwai kuma jirgin fito mai zuwa Staten Island, kyauta ake shiga, tafiyar kamar minti 25 ce. Ka tsaya a bayansa ka ga tsuntsayen teku na biye da shi tsakanin manyan jiragen dakon kaya.

Amma wurin da ya kama zuciyata shi ne Jamaica Bay. Daga gida sai mu yi kusan awa biyu, mu sauka daga jirgin A a tashar Broad Channel, mu taka. Fadama ce ta ruwan gishiri, daf da filin jirgin sama na JFK, kana kallon tsuntsu jiragen sama na sauka a bayansa. An ƙirga sama da nau'i 300 na tsuntsaye a wurin. Tafkuna biyu ne a ciki, na gabas da na yamma, mutum ne ya yi su a shekarun 1950 don tsuntsaye su samu ruwan daɗi. A 2012 guguwar Sandy ta fasa bangon na yamma, ruwan gishiri ya kwararo ciki, sai a 2017 aka kammala gyara shi.

Akwai ilimin da sai an zauna bakin teku ake samunsa. Ruwa kan cika ya janye sau biyu a yini, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Don haka kafin mu fita muna duba jadawalin ruwa kamar yadda muke duba lokutan salla. A watan Agusta, lokacin da ƙananan tsuntsayen gaɓa masu dogon baki ke wucewa kudu, idan ruwa ya janye sai su bazu a kan taɓo can nesa suna kiwo, ba ka ganin komai. Idan ya cika ya rufe taɓon, sai su taru a tafkin gabas, ka same su kusa da ƙafarka. Wanda bai san wannan ba zai sha doguwar tafiya ya dawo ya ce babu komai a wurin. Wasu daga cikin tsuntsayen nan ba su kai tafin hannu ba, amma daga ƙarshen arewacin duniya suka taso, kuma Kudancin Amurka suka nufa. Duk sanda na tsaya ina kallonsu sai ayar nan ta Suratul Mulk da ta yi maganar tsuntsaye a sama ta faɗo mini a rai.

Kowane lokaci da baƙinsa. Da hunturu ƙananan dinyoyi masu baƙin wuya kan zo dubbai. Wajen ƙarshen Maris shahon kifi ke dawowa kan sheƙarsa, a bisa dogayen sanduna da aka kafa masa. In ka ga yadda yake tsayawa a sama, ya faɗo ruwa da ƙafafu, ya tashi da kifi, ba ka ƙara tambayar me ya fitar da mu. Tsuntsun nan ya kusa ƙarewa a wannan yanki saboda maganin ƙwari na DDT, wanda ke sa ɓawon ƙwai ya yi laushi ya fashe kafin ƙyanƙyasa. An hana maganin a 1972, shekarar da aka kafa dokar tsabtace ruwa, kuma a hankali ya dawo. Zalɓe da danginsa ma sun komo suna sheƙa a ƙananan tsibiran da ba kowa, har da South Brother da ke nan gefen Bronx.

Abin yana da ladabinsa, kuma shi muka fi koya wa yara. Ba a ɗaga murya, ba a jifa, ba a ba tsuntsu abinci, ba a matsa masa har ya tashi. A gaɓar Rockaway akwai wani ɗan tsuntsu mai launin yashi da ke zuba ƙwai a kan yashi tsirara. Da bazara akan kewaye wurin da igiya, kuma ba a tsallakawa ko da ba mai gani. Idan wani ya hango abin da ba a saba gani ba, zai nuna wa na kusa da shi, ko Bature ne ko ɗan China ko mu. Ban taɓa samun wurin da baƙo ya miƙo mini madubinsa ya ce in duba ba tare da ya tambayi daga ina nake ba, sai a nan. Yaran kuwa suna da manhajar Merlin a waya, mai gane tsuntsu daga kukansa. Su kawo sunan Turanci, ni in ba su na Hausa inda na sani. Ta haka zalɓe da shaho da mujiya suka shiga bakinsu.

Ka tambaya ko muna ganin irin namu. Balbela ta zo nahiyar nan da fikafikanta, ba wanda ya kawo ta. Ta ƙetare teku daga Afirka zuwa Kudancin Amurka wajen ƙarshen ƙarni na 19, ta hauro arewa, a 1953 aka same ta tana sheƙa a Florida. A da takan yi sheƙa a tsibiran New York, yanzu ganinta ya yi wuya. Sau ɗaya na gan ta, ita kaɗai a cikin ciyawa, babu ko saniya ɗaya kusa. Na kira yaran na ce su zo su ga balbela, muka tsaya har ta tashi.

In Allah ya kawo ka, ka yi ƙoƙari ya zama cikin Agusta. Takalmin roba mai tsawo yana wurina, don taɓon tafkin gabas yakan kai ƙwauri. Ka gaida mutanen gida.