Hukuncin Sharaɗin Gyara Kuskuren Lissafi a Takardar Kuɗin Wuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da injin casar shinkafa, wani kamfani mai zaman kansa ne ke ba mu wuta da mita, ƙarshen wata su kawo bil. A yarjejeniyar da na sa wa hannu an rubuta cewa idan sun caje ni ƙasa da abin da na sha, za su biyo ni cikon ko bayan shekara nawa ne, da ƙarin kashi 5 cikin ɗari duk watan da na yi jinkiri. In kuwa su suka caje ni fiye da ƙima, sai na kai ƙorafi cikin kwana 30, ko kuɗin ya bi ruwa. Yanzu sun ce wata takwas ana rubuta mini rabin kuɗi, suna bina cikon Naira miliyan 1.2. Bara kuwa sun karɓi rarar Naira 90,000 a hannuna bisa kuskure, da na yi magana suka ce lokaci ya wuce. Ga shi na riga na karɓi kuɗin casa a hannun mutane a kan tsohon lissafi. Wajibi ne in biya?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, cikon yana kanka idan sun tabbatar da shi, ƙarin kashi 5 riba ce, Naira 90,000 ɗinka kuma tana nan a wuyansu.

Abin da kuka ƙulla ciniki a kai shi ne farashin kowane yunit. Bil kuwa rahoto ne na yawan abin da ka sha, kuma rahoto yana iya zama daidai, yana iya zama kuskure. Malamai suna da ƙa'ida cewa ba a lura da zaton da kuskurensa ya bayyana. Wanda ya biya bashi yana zaton ana binsa, daga baya ta tabbata ba a binsa, zai karɓi kuɗinsa. Haka wanda ya karɓi rabin haƙƙinsa yana zaton shi ke nan, bai yafe sauran ba, domin ba a yafe abin da ba a san da shi ba. Allah ya hana cin dukiyar juna da ɓarna sai ta ciniki bisa yarda (Nisa'i, aya ta 29), mai kuskure kuwa bai yarda da komai ba. Don haka sharaɗin gyara kuskure a asalinsa halal ne, ko ba a rubuta shi ba shari'a ta riga ta tanade shi.

Da a ce kuskuren a farashin yunit ɗin kansa yake, wato sun faɗa maka farashi ka amince, sannan suka ce bakinsu ne ya suɓuce, da magana ta canza. Malikiyya sun tattauna irin wannan a babin murabaha, wato cinikin da mai sayarwa ke faɗin nawa ya sayi kaya da ribar da zai ɗora: mai sayarwa ya faɗi uwar kuɗi ƙasa da yadda ya saya, to sai ya tabbatar da kuskurensa, sannan mai saye ya zaɓa, ko ya mayar da kaya ko ya biya farashin gaskiya da ribarsa. Taka mas'alar ta ƙidaya ce.

Sai dai da'awa ba ta zama bashi don kawai an buga ta a takarda mai tambari. Hadisin Ibn Abbas ya ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Mitar manyan injuna sau da yawa ba ta nuna adadin kai tsaye, ana ninka abin da ta nuna ne da wata lamba. Idan lambar 40 ce ma'aikaci ya shigar da 20, kowane bil zai fito rabi. Su nuna maka wannan lamba, da karatun mita wata bayan wata, a gaban injiniyan da ku duka kuka yarda da shi. Idan mitar ce ta lalace suka yi kintace, ba a ɗora maka kintacensu su kaɗai, sai abin da masana suka ƙiyasta ko kuka yi sulhu a kai.

Ƙarin kashi 5 kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Cikon ya zama bashi, ƙari a kan bashi saboda jinkiri shi ne ribar jahiliyya da Alƙur'ani ya haramta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi (OIC), a zamanta na Riyadh a shekarar 2000, ta halatta sharaɗin tara a yarjejeniyoyin kuɗi amma ta cire inda abin da ake bi bashi ne. Sa hannunka bai halatta shi ba. Hadisin da ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu shi ne ya togace sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal, kuma a ƙissar Barira Annabi (SAW) ya ce duk sharaɗin da ba ya cikin Littafin Allah ɓatacce ne ko da sharaɗi ɗari ne. Gaba, kada ka sa hannu a irinsa in kana da mafita.

Batun kwana 30 shi ne ya fi damuna. Sa wa'adin ƙorafi ba laifi ba ne, yana hana a riƙa tono lissafin da takardunsa suka ɓace. Malamanmu ma sun san hauzi: wanda ya ga wani yana riƙe da gidansa shekara 10, yana gari, ya sani, bai ce uffan ba, alƙali ba zai saurare shi ba. To amma wa'adi yana rufe ƙofar ƙara ne, ba ya mayar da dukiyar wani ta zama taka. A hadisin Ummu Salama, Annabi (SAW) ya ce wanda ya yanke wa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa saboda iya magana, yankin wuta ya yankar masa. Idan hukuncin Annabi bai halatta wa mutum haƙƙin wani ba, ina ga sakin layi a takardar kamfani? Sannan a dubi yadda aka tsara shi: nasu ba iyaka, naka wata guda. Wannan mudu biyu ne, na saye daban na sayarwa daban, kuma farkon Suratul Muɗaffifin a kan masu irin wannan hali ya sauka. Irin takardun nan da ake miƙo wa mutum a ce sa hannu ko ka tafi, Majalisar Fiƙihun ta yi zama a kansu a Doha a 2003, ta ce hukuma tana da ikon gyara ko soke sharaɗin zalunci a cikinsu idan abin da ake sayarwa mutane ba su da makawa a kansa.

Saboda haka tunda sun san Naira 90,000 ba tasu ba ce, wajibi ne su mayar. Tunda duka bashin Naira ne kuma lokacinsu ya yi, ya halatta a cire wannan daga wancan, abin da malamai ke kira muƙassa. Idan da'awarsu ta tabbata gaba ɗaya, saura Naira 1,110,000.

Asarar da ka yi wajen kuɗin casa ba ta sauke bashin, domin wutar ka sha ta. Amma sakacin nasu ne, bai dace su ce a biya a zama ɗaya ko su yanke wuta ba. Aya ta 280 a Baƙara ta wajabta jinkirta wa mai ƙunci. Ka nemi a rarraba maka biyan ba tare da ƙarin ko kwabo ba, ka kuma nemi ragi, a rubuta da shaidu. In kana da hali kada ka ja, jinkirin mawadaci zalunci ne. Idan sun ƙi, ka kai ƙara ga hukumar da ke kula da harkar lantarki.

Wallahu a'alam.