Amsa kan takalmin golf ɗin faifai: fara duba inda siminti ke ci

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa in amsa maka da kyau. Ka ce kana karatu a Greensboro ta jihar North Carolina a Amurka, shekara guda ke nan da fara wasan golf ɗin faifai (wanda ake jifan faifai har ya faɗa kwando), amma kambas uku ka kashe, dukansu ta gaba suka huje, kuma aljihun ɗalibi ba zai ɗauki takalmin dala 150 ba. Ni shekarata shida ina wasan nan a Charlotte, jiharmu ɗaya, ƙasar da muke takawa iri ɗaya ce, don haka abin da zan faɗa maka na gwada shi da ƙafata.

Kafin ka sayi komai, ɗauko tsofaffin nan uku ka kifa su, ka duba inda suka cinye. Yawon da muke yi a fili ba shi ke kashe takalmi ba. Zagayen kwando 18 tafiyar kilomita uku zuwa biyar ce, akasari a kan ciyawa da ƙasa, kowane kambas zai iya jure wannan. Abin da ke cin takalmi shi ne daɓen simintin da muke tsayawa a kai mu yi jifan farko. Da gangan ake bin sa da tsintsiya tun yana ɗanye don ya yi kaushi, kada mutum ya zame. To wannan kaushin tamkar dutsen wasa wuƙa yake. Sau 18 kake juya dukan nauyin jikinka a kansa a kowane zagaye, ban da jifan gwaji.

Idan kai badame ne kuma da bayan hannu kake jifa, ƙafar dama ce kake kafawa ka juya a kanta, sai ka ga tafin takalmin dama ya shafe ta wajen diddige ko ƙarƙashin babban yatsa, na hagu kuma hancinsa ya goge saboda jan sa da kake yi a baya. Idan jifan gefe ka fi yi, abin juyawa yake: hagu ake kafawa, hancin na dama ne ke shan siminti. Ramin da ka ce yana fitowa ta gaba, na tabbata daga jan ƙafar nan ne. Ni ma haka na yi ta fama a shekarata ta farko, har na taɓa sayen wani mai tsada da bai kai wata uku ba ya yi baki. Na yi ta ɗora wa takalmin laifi, sai da wani dattijo da muke wasa tare ya ce in dubi farin layin da ƙafata ke bari a kan daɓe bayan kowane jifa.

Kambas ɗin gudu na kan titi ka fita batunsa gaba ɗaya. Samansa raga ce, ƙasansa soso ne da aka lulluɓe da 'yar roba siririya, an yi shi don tafiya gaba kawai, ba don murɗawa ba. Takalmin gudun daji mai dogayen haƙora masu laushi shi ma yaudara gare shi. A laka yana riƙo sosai, amma a kan siminti haƙoran ɓallewa suke ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ya fi damuna, yakan kama daɓen ya hana ƙafa juyawa. Idan ƙafa ta tsaya cak jiki kuma yana juyawa, gwiwa ce ke biyan bashin. Na ga mutanen da suka bar wasan saboda gwiwa, shi ya sa ba na wasa da wannan magana. Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi kuwa kada ma ka kusanci daɓe da shi.

Abin da ya riƙe ni shi ne takalmin hawan dutse gajere, wanda bai rufe idon sawu ba. Idan ka shiga shago, ɗauke shi a hannu ka yi masa abu uku. Danna hancinsa da babban yatsa: ana son robar ƙasa ta naɗo sama ta rufe yatsu, ta kuma zagayo gefen ciki, domin can ne ake ja. Sannan ka kama gaba da baya ka murɗa kamar mai matse wanki. Idan ya murɗu cikin sauƙi, ajiye shi. Na uku, soka farce a haƙoran ƙasan. Gajeru, masu faɗi, masu tauri, su ne abokan siminti.

Sunayen da za ka yi ta gani a ƙafafun 'yan wasa sanannu ne. Adidas Terrex, musamman masu robar Continental, shi ne mafi yawa a filayenmu, kuma shi nake sawa yanzu. Yana da ɗan matsi, ya fi dacewa da siririyar ƙafa. Merrell Moab mai tafin Vibram ya fi sakewa, ana samun sa da faɗi. Keen an san shi da kaurin robar hanci da yalwar wurin yatsu, mai jan ƙafa irinka ya kamata ya gwada shi. Akwai kuma kamfanin Idio da ke yin takalmi musamman don wannan wasa. Sababbinsu duka yawanci daga dala 100 zuwa sama suke. Mu da muka tashi da silifa da takalmin fata buɗaɗɗe, da yawanmu ƙafarmu faffaɗa ce ta gaba, saboda haka kada ka bi suna, bi wanda yatsunka suka baje a ciki. Ka je gwaji da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za ka yi wasa da ita, ka bar tazarar faɗin babban yatsan hannu a gaba.

Maganar kuɗi kuma, ni ban ƙara sayen takalmi a farashinsa na farko ba. Kamfanonin nan kan fito da sabon samfuri su canza lamba da launi, sai na bara ya faɗo. Wanda ke ƙafata dala 60 na saye shi, launin da kowa ya ƙi ne, kuma bayan zagaye biyu a jar lakar nan tamu duk takalmi launi ɗaya yake komawa. Ka riƙa leƙa shagunan rangwame irin su Sierra da Nordstrom Rack da na kamfanonin kansu, musamman ƙarshen Nuwamba da bayan Kirsimeti. Shagon REI, mai sayar da kayan yawon daji da duwatsu, na da sashen kayan da aka dawo da su, ana sayar wa mambobi da rahusa. Gwanjo ne, ba abin kunya ba ne, sau da yawa mutum sau ɗaya ya sa ya ga ya matse shi. Sai dai a gwanjo ka duba diddige. Idan ya karkace gefe guda, ya riga ya ɗauki takun wani, bar shi.

Kada ka ƙara kuɗi don mai hana ruwa shiga sai ka yi tunani. Shimfiɗar da ke tare ruwan siririya ce, tana tsakanin fata da rufin ciki, kuma daidai inda takalmi ke lanƙwashewa take fara tsagewa, tun tafin bai ƙare ba. Daga nan ruwa zai shiga ya ƙi fita. A zafin Yuli da Agusta na jihar nan kuma ƙafa dahuwa take a ciki. Na san raɓar safiya matsala ce, kafin ka kai kwando na uku safa ta jiƙe sharkaf. Abin da nake yi, takalmi mara shimfiɗar nan, sai safa mai hana ruwa guda ɗaya don sanyi da ranakun ruwa, da kuma safar ulu ta canji a cikin jaka. Idan takalmi ya mutu safar tana nan, ta shiga na gaba.

Yanzu ga abin da ya fi komai tsawaita ran takalmina, kuma bai kai dala 10 ba: gam ɗin Shoe Goo. Kuskuren mutane shi ne jira sai rami ya fito. Ranar da ka sayi takalmin, tun bai taka ƙasa ba, ka ɗan goge hancin ƙafar da kake ja da takardar yashi, ka share ƙurar, ka shafa gam ɗin siriri, ka bi shi da ƙanƙara don ya kwanta sumul ba tare da ya manne maka a hannu ba. Bar shi ya kwana, ka ƙara shafi na biyu, sannan ka ba shi kwana biyu kafin ka fita da shi. Siminti zai ci gam ɗin maimakon takalmin. Duk sanda ka ga ya yi siriri ka sake. A gida da shumeka za ka miƙa wa, ya zagaye maka shi da ɗinki kana zaune a kan benci, da kuɗi kaɗan. A nan kuɗin gyara kan kusa kamo kuɗin takalmin, shi ya sa da na je gida na taho da basilla da zaren shumeka, idan baki ya fara buɗewa in ɗinke abina.

Sai kuma ka ware takalmin nan don wasa kawai. Ya zauna a bayan mota ko a jaka, ka sa shi a bakin fili, ka cire da ka gama. Zuwa aji da kanti a kan kwalta yana cinye haƙoransa a banza. Idan ya jiƙe, zare shimfiɗar ciki, cusa masa tsohuwar jarida, ka ajiye a inuwa. Kada ka sa shi a injin busar da kaya ko kusa da hita, kuma kada ka bar shi ya yini cikin rufaffiyar mota da rani, zafi na sakin gam ɗin da ya haɗa sama da ƙasa. Jar laka kuma ka wanke ta tun ba ta bushe a cikin ɗinki ba. Da wannan kulawa, ni da nake fita sau biyu zuwa uku a mako, takalmi ɗaya kan kai ni shekara da 'yan watanni.

Jan ƙafar kansa yana raguwa. Yawanci yana zuwa ne idan takun ƙarshe ya yi tsawo, nauyi ya maƙale a baya, sai ƙafar baya ta biyo tana shara. Ka rage saurin shigowa, ka gajarta takun, ka bar nauyinka ya sauka gaba ɗaya a kan ƙafar gaba, za ka ga ta baya ta ɗago da kanta. Ka sa abokin wasanka ya ɗauki bidiyon ƙafafunka kaɗai, daga gwiwa zuwa ƙasa, jifa biyar. Turo mini shi tare da hoton ƙasan tsofaffin kambas ɗin nan, dama da hagu a jere, in gaya maka wanda ya fi dacewa da takunka kafin ka fitar da kuɗi. Allah ya ba da sa'ar karatu.