Tambayi Likita: In haɗa famfon ƙara girman gaba da kaina?

Tambaya: Salam likita, don Allah a sakaya sunana. Aurena saura wata biyu kuma ni gani nake gabana bai kai ba. Na ga bidiyo a TikTok ana haɗa famfo da babban sirinji da bututun roba wai yana ƙara girma, na kanti kuma ya fi ƙarfina. In haɗa? Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri. Don Allah kar ka haɗa.

Famfon nan ko na asibitin ma ba don ƙara girma aka yi shi ba, an yi shi ne don masu raunin mazaƙuta, kamar masu ciwon siga ko waɗanda aka yi wa tiyatar prostate (wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar maza). Iska yake zuƙewa sai jini ya cika gaban, wannan kumburin ne mutane ke ɗauka girma ne, kana cirewa ba a jima ba ya koma yadda yake. Na asibiti yana da bawul da ke hana zuƙar ta wuce ƙa'ida, kuma zoben da ake sawa a gindin gaban ba a barin shi ya wuce minti 30. Na sirinji ba shi da wannan birkin, haka za ka yi ta ja har ƙananan jijiyoyin jini su fashe, fatar ta yi ɗigo-ɗigo ja, ta yi bororo, bakin robar ya yanke ka, wani ma tabo ne zai fito masa a ciki gaban ya karkace ko ya daina ji sosai. Wannan kuma saura wata biyu aure!

In kana da sikila ko kana shan maganin tsinka jini, ko na kantin ma kar ka taɓa. Mai sikila gabansa na iya miƙewa ya ƙi kwanciya, in ya kai awa 4 a haka to asibiti za a ruga cikin gaggawa, ba a jiran gari ya waye.

Batun bai kai ba kuwa, wani babban nazari na 2015 da ya haɗa awon maza sama da 15,000 ya nuna matsakaicin tsawo a miƙe wajen santimita 13 ne, kuma yawancin masu wannan damuwar in aka auna su lafiyarsu ƙalau. In kana da tumbi rage shi, kitsen mara yana ɓoye wani sashe. In hankalinka bai kwanta ba je ka ga likitan mafitsara kafin biki ya duba ka, ka faɗa masa komai ba kunya.