Zare na tsinkewa a ɗinkin rigunan tiyata: allura ce ke ɗaukar zafi

Ɗan'uwa, ka ce kuna ɗinka rigunan tiyata na yadin roba, zare na yawan tsinkewa, bakin hujin ɗinkin kuma yana yin tauri, ka murɗa tenshan, wato maɗaurin da ke daidaita tsaurin zare, har ka gaji. Ƙyale tenshan ya huta. Allurarka ce ke zafi.

Ni ma na sha wannan wahala kafin in gane. Keken masana'anta yana iya huda yadi sau 5,000 a minti, kowace huda kuma guga ce, ga ta yadi ga ta zare a kafar allura. A wannan gudun zafin allura na iya wuce digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. Yawancin rigunan da ake sawa sau ɗaya a yar kuwa da wani irin roba mai suna polifurofilin ake yinsu, shi kuma wajen digiri 160 zuwa 165 yake narkewa. Poliyesta ya fi juriya, sai ya kai wajen 250. Auduga ba ta narkewa, shi ya sa wanda ya saba da ita yake ruɗewa.

Ka lura da lokacin da zaren ke tsinkewa. Galibi ba ana cikin gudu ba ne, sai ka ɗaga ƙafa a kan kwana, zaren ya tsaya cak cikin kafar da ta yi zafi, ya narke. Cire allurar ka duba a haske, za ka ga wani danƙo ya toshe kwarinta, bakin zaren kuma ya dunƙule kamar kan ashana. Zaren da tenshan ya tsinke, bakinsa a warwatse yake.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne siririyar allura. Daga lamba 90 na koma 75, aka samu sauƙi nan take. Sai allura mai rufin tefulon, wani shafi mai santsi, danƙon ba ya kama ta sosai. Sannan bututun iska daga kwamfiresa ya riƙa hura allurar, ka rage gudu, ka ɗan ƙara tazara tsakanin huji da huji. Masu ƙirga guda nawa aka fitar ba sa son jin a rage gudu, amma tsayawa zura zare sau goma ya fi cin lokaci.

Man silikon a kan zare yana sanyaya allura, amma kada ka sa sai mai kayan ya amince, domin kayan asibiti ne. Inda kuwa ake so ruwa ko jini kada ya ratsa, kamar hannun riga, huji ko mai tsabta ne ƙofa ce. Wurin nan injin liƙi na altirasonik, mai haɗa yadi ba tare da allura ba, ya fi dacewa da shi, ko a bi ɗinkin da tef.